Geron da Muka Rina

Na manta sunayen ƙauyuka da dama da na kwana a cikinsu saboda aikin gona, amma akwai hantsi ɗaya da har gobe ba ya fita a raina: ranar da na ji ƙarar daka a wata unguwa. Tun da kun ce sai na ba ku labari kafin a watse, wannan zan ba ku. Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, har da kai nake.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona, wato in ka cire masinja babu na ƙasa da ni a ofis. Sama da ni akwai babban malamin gona, sama da shi kuma jami'in shiyya, Alhaji Bello, wanda ke zaune a Ɗanbatta. Ni aka tura wani ƙauye a hanyar Kunci. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yan mutanen suna nan da ransu. Kayan aikina baƙin keke ne, da igiyar awo, da kwalin maganin iri. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma wallahi ban ƙara jin daɗin aiki irin na wurin nan ba.

Ƙasar ba ta da daji ko kaɗan. Gona manne da gona, iyakarsu sai jerin gamba ko lalle. Kowace kuka, kowace ɗorawa, kowane gawo da mai shi, ba ka isa ka karya reshe ba tare da an tambaye ka ɗan wane ne kai ba. Saboda haka girkin kowane gida a kan kara yake. In an yi girbi, yadda mutum yake lissafin damin hatsinsa haka matarsa take lissafin damin kara, don shi ne itacenta har wata kakar. Da rani jakuna na ta jigilar taki a mangala, da damina kuwa in ka hau keke a hanya gero ya rufe ka, sai dai a ji ƙararrawarka. Da kaka ba na hura wuta. Kwano daga nan, kwano daga can, wannan dambu, wannan ɗanwake, wannan fura da ta ji nono. A ɗakin soron Mai unguwa nake kwana, har na yi ƙiba, uwata ta ce ko aure na yi a ɓoye.

Bari in yi wa waɗanda ba ma'aikatanmu ba bayanin maganin iri. Gari ne ja mai warin tsiya, a ɗan fakiti mai hoton ƙoƙon kan mutum. Ana zuba iri a duma ko gwangwani, a barbaɗa masa, a toshe baki a girgiza har kowace ƙwaya ta yi ja. Yana hana gara da kiyashi da tsuntsu cinye iri a rami, yana kuma hana dawa yin burtuntuna. Jan nan ba ado ba ne, gargaɗi ne. Guba ce, kuma wanki ba ya fitar da ita, launin ne kawai yake fita. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce ranar shuka ake cakuɗawa, ko ana gobe.

Damina uku ina yawo ina wa'azin maganin nan, waɗanda suka karɓa ba su cika yatsun hannu ba. Babban abokin gardamata shi ne Malam Iliyasu, maƙwabcin Mai unguwa, dogo siriri mai son raha. Yana da wani gero da ya gada a wurin mahaifinsa, gajere ne, zangarniyarsa siririya mai gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kai, kuma yana riga na kowa nuna. Geron Baba yake ce masa. Da hannunsa yake zaɓar zangarniyar iri tun a gona, ya ɗaure daban, ko matarsa Hanne ba ta taɓawa. In na zo da fakitina sai ya yi dariya ya ce, "Malam, geron nan ya girmi ofishinku. Mayar da hodarka jaka, zo mu sha fura."

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero na da ciki, aka girbe abin da aka samu aka yi ta maneji. Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Gero bai wuce gwiwa ba ya bushe a tsaye. Ba hatsi, ba kara, ɗan abin da ya tsaya ma dabbobi aka bai wa kafin a kai su kasuwa a sayar da arha. Kwanukan da suke zuwa sorona suka ragu, suka ragu, har suka ɗauke, kuma masu aiko su suka riƙa kauce wa hanyata don kunya. Abinci ya koma ganye da dusa. Wuta ma ta zama abin nema, sai tushiyar kara da aka tono da busasshen kashin shanu. Da matan unguwar suka ga ba kowace ce za ta iya hura nata murhu ba, sai suka haɗa wuta wuri ɗaya a gidan Inna Tabawa, tsohuwar ungozomar garin. Kowa ta kawo ɗan abin da ta tsinto, a ɗora tukwane bi da bi. Maza kuwa duk mai ƙarfi yana shirin tafiya cin rani Kano.

A wannan tsakanin ne, bazara ma ba ta kama sosai ba, na fito da safe na tarar da mutane a ƙofar soro, kowa da ƙullin irinsa. Wai magani suke so. Mutanen da na yi shekaru ina bi! Kai, daɗi ya kama ni, bakina har kunne. Na yi ta girgiza duma har kwalina ya ƙare, na hau keke sai Ɗanbatta, don motar kasuwa ma ta daina zuwa saboda wahalar mai.

Alhaji Bello ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tun yanzu? Ruwa ai da saura."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kan mutane ne ya waye."

Ya ce, "Allah ya sa wayewar ce." Ya sa aka ba ni wani kwalin.

Malam Iliyasu ne ya warware mini. Ana jibi zai tafi cin rani ya same ni bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarmata, babu rahar da ya saba. Ya ce, "Malam, na ga kana ta murna. Ka san abin da ya sa suke kawo maka iri?"

Na ce, "Sun gane amfaninsa mana."

Ya ce, "Ina! Ba gara suke tsoro ba, gidajensu suke tsoro. Mutum zai tafi birni ya bar mace da yara da yunwa, ga iri a ɗaka. Wace uwa ce za ta ji ɗanta na kuka ta zauna tana kallon gero? In an cinye, da me za a shuka? Shi ya sa suke so ka mayar da shi abin da ba ya ciwuwa."

Na ce, "To kai ma abin da ya kawo ka ke nan?"

Ya ce, "E, kuma a'a. Geron Baba in ya tafi ya tafi ke nan, babu mai shi sai ni. Amma ina da mai rarrafe a gida, komai ya gani sai baki. Ba zan iya tafiya in bar guba a ɗakin da yake wasa ba." Ya kwance bakin aljihu ya fito da ƙunshin karan dafi, jan ɓawon dawar nan da dukawa suke rina fata da shi. Sunansa ne kawai mai ban tsoro, ko an ci ba ya komai. Ya ce, "Ka rina mini da wannan. Su ga ja su ji tsoro, shi ke nan. Daga ni sai kai sai Allah."

Na ga dabarar ta yi kyau, har na yaba masa. Washegari muka yi abin a ƙofar gidansa kowa na gani. Na ɗaure hanci da ƙyalle, na kori yara, na girgiza duma da ƙarfi kamar gaske. Muka shanya a inuwa, muka ɗure a buhu, bai ma kai rabi ba. Na ɗaure tsohuwar takardar magani mai hoton ƙoƙon kai a wuyan buhun ta waje, don warin ya riƙa tashi. Ya kira Hanne bakin danga ya ce, "Kin dai gani. Ko kaza kada ta kusance shi." Ta ce, "Na gani, Malam." Da asuba ya bi ayari ya tafi.

Bazara ta yi tsawo a shekarar nan. Hadari ya taso ya watse, ya taso ya watse. Aiken da maza suke yi daga birni bai isa komai ba, wasu ma shiru. Garin ya yi tsit, ba ka jin turmi, ba ka jin dutsen niƙa, yara ma sun daina guje-guje, sai dai ka gan su zaune a gindin katanga. Ni kaina garin kwaki nake jiƙawa, in ci rabi in miƙa rabi ta bayan soro.

Ranar da nake ba ku labari, na dawo daga duba wata rijiya da hantsi ina tura keke, sai na ji lugude. Daka sosai, taɓarya biyu suna amsa wa juna daga wajen gidan Inna Tabawa. Da farko har na yi murmushi, na ce ko wani ya dawo da hatsi. Ina wucewa ta jikin dangar Malam Iliyasu sai na ji muryar Hanne.

"Malam! Malam, ina kwana? Albishirinka."

Na ce, "Goro."

Ta ce, "Ashe maganin nan naku yana fita. Jiya na ɗebi kaɗan na wanke, na wanke, har ruwan ya yi fari tas. Na dama kunu na sha ni kaɗai don in gwada. Ga ni nan garau, ko ciwon ciki ban yi ba. Na gaya wa matan unguwa da sassafe, kowa ta ɗebo nata, suna can gidan Inna."

Innalillahi. Na saki keken ya faɗi. Nata launi ne, nasu guba ce tsantsa, ni na zuba da hannuna. Na ce, "Biyo ni yanzu!" na kwasa a guje.

Ban taɓa shiga gidan matan aure ba a garin nan, amma ranar sallama ɗaya na yi na kutsa kai. Mata suka watse suna jan mayafi. Abin da na gani har yau yana idona. Ƙorai jere da ruwan wanki ja-ja, turmi biyu da gari a ciki, babbar ƙwarya cike da ƙullu an ajiye gefen murhu. Yara sun yi layi a jikin bango kowa da ɗan kwanonsa. Tukunya na kan wuta, amma wutar kashin shanu ce da tushiya, hayaƙi kawai take yi, tun safe ruwan ya ƙi tafasa. Wallahi da shekarar kara ce, da tuni an dama an sha. Rashin abin hura wuta ne ya tsare yaran nan har na iso.

Na sunkuci ƙwaryar ƙullun na rungume, na ce, "Wa ya ci? Wa ya lasa? Ku gaya mini don Allah!"

Inna Tabawa ta miƙe da muciya a hannu. 'Yar guntuwa ce, amma bakinta ya fi ta tsawo. Ta ce, "Kai ɗan nan, hauka kake? Babu wanda ya ci. Ajiye mana abinci."

Na ce, "Inna, guba ce. Wanki ba ya fitar da ita."

Ta ce, "Ga Hanne nan a bayanka. Fatalwarta ce?"

To fa. Nan na tsaya da ƙwarya a ƙirji. In na yi shiru, suna da hujja a tsaye da ƙafarta, ko na zubar da wannan za su wanke wani bayan na fita. In na faɗa, na ci amanar Malam Iliyasu, kuma geron Baba ya tafi, don babu abin da zai hana a cinye shi. Ban daɗe ina tunani ba, idon yaran nan ya ishe ni. Na ce, "Na gidan Malam Iliyasu ba magani ba ne. Karan dafi ne muka rina da shi, ni da shi. Na sauran gidajen kuwa magani ne na gaske."

Hanne ta jingina da bango ta zame ta zauna.

Wata daga cikin ɗaki ta ce, "Ƙarya yake, so yake ya hana mu. Duk ja ne, duk iri ɗaya ne."

Na ce a ɗebo mini na gidan Hanne. Aka kawo a tafin ƙwarya, jajir, ko wankewa ba a yi ba. Na cika hannu na watsa a baki, na tauna na haɗiye suna kallo. Inna Tabawa ta kamfato gari daga turmi ta miƙo mini har hanci ta ce, "To ci wannan ma."

Na ce, "Inna, ko yanka ni za ki yi ba zan ci ba. Na rantse da wanda ya halicce ni, in yaran nan suka sha wannan, sai dai a ɗebi wasu a amalanke, kuma babu motar da za ta kai su asibiti."

Ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan ta zubar da garin a turmin, ta goge hannu a zani. Ta ce, "Na yarda. Na ga tsoro a idonka, ba na ƙarya ba ne." Ta juya ta dubi yaran, ta sake dubana. "To yanzu me zan ce musu? Tun asuba suke zaune. 'Ya'yan Hanne su sha, namu su yi kallo?"

Hanne ce ta yi magana daga inda take zaune, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Inna, a ɗauko buhun duka. A dama wa kowa."

Inna Tabawa ta ce, "Ke, geron uban mijinki ne fa."

Ta ce, "Na sani."

Tsohuwar nan ce ta tsara sauran. Ta ce kowane gida da ɗansa zai sha, in ruwa ya sauka zai auna wa Malam Iliyasu daga jan irinsa, don kada gonarsa ta kwana babu shuka. Aka kira Mai unguwa da Liman suka zama shaida. Ni kuma na sa aka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, muka binne ƙullun da garin da ruwan wankin, har da ƙoran. Turamen biyu na ce kada a ƙara daka abinci a ciki. Binne hatsi a shekarar yunwa, mata na tsaye suna hawaye, ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Da ruwan ya tafasa daga baya, aka ari turmi a wata unguwa aka daka geron Baba. Kunun tsararo ne, amma kowane yaro ya samu.

Washegari na je na gaya wa Alhaji Bello komai, ina jiran takardar tuhuma. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Gida nawa ka zuba wa na gaske?" Na gaya masa. Ya ce, "A shiyyar nan kai kaɗai ne ka yi, ko sauran malamai ma an yi musu layi?" Na ce ban sani ba. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya nemo mai a inda ya nemo, muka zagaya ƙauyuka a motar ofis, ashe kusan ko'ina haka aka yi. Ya ba da umarni a tattara duk jan iri a ajiye a ɗakin Mai unguwa ko Liman a kulle har ruwa ya sauka, kuma daga ranar babu malamin da zai ƙara buɗe fakiti sai ƙasa ta jiƙe. Ya yi ta kai kawo har aka samo wa unguwarmu 'yan buhunan tallafi kafin geron Baba ya ƙare. Maganar rini kuwa, a mota ya ce da ni, "Jan nan shi ne kaɗai bakin da maganin yake da shi. Kada ka ƙara sa shi ya yi ƙarya." Bai sake tayar da ita ba.

Da aka yi ruwan farko maza suka fara dawowa. Malam Iliyasu ya iso da safe, ya rame, kafaɗarsa duk ta yi kanta saboda ɗaukar ruwa a birni. Ko gida bai shiga ba ya same ni a ƙofar Mai unguwa ana rabon iri, yana murmushi yana ƙifta mini ido. Na ja shi gefe na gaya masa.

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya ce, "Ko zangarniya ɗaya ba a rage ba? Malam, amana fa na ba ka. Geron da ubana ya riƙe, kakana ya riƙe, a hannuna zai ƙare? Da ka ce musu wani abu daban mana! Ita kuma Hanne, ban ce ko kaza kada ta kusance shi ba?"

Ashe Inna Tabawa na bayanmu, ta kawo ƙwaryar irin da aka tara masa. Ta dire ta a gabansa ta ce, "Iliyasu, rufe mini baki. Ni na karɓi haihuwarka, don haka tsaya ka ji. Ranar da matarka za ta sha kunun nan, wanka ta yi, ta yi salla, ta goyo ɗanka ta kawo mini. Ta ce, Inna, riƙe mini shi, in na kwana biyu ban zo ba ki ba shi ruwan dusa, yana sha. Ta bi gidajen unguwa tana neman a yafe mata, muna cewa me ya faru, tana cewa babu komai. Ta ce in ka dawo in gaya maka ta yafe maka sauran sadakinta. Sannan ta koma ta rufe ƙofa ta sha. Kai ka san launi ne. Wannan ɗan boko ya san launi ne. Ita fa?"

Wallahi sai a lokacin ni ma abin ya dake ni. Duk kwanakin nan hankalina na kan gidajen da suka tsira, ban taɓa tsayawa na auna abin da matar nan ta yi a ɗakinta ba.

Malam Iliyasu ya juyo. Ya dube ni ya ce, "Ta sha tana ganin guba ce?"

Na ce, "Haka ne."

Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya riƙe kai da hannu biyu. Babban mutum, a gaban jama'a, kafaɗunsa suna rawa. Can ya miƙe, bai ko dubi ƙwaryar irin ba, ya nufi gida. Ranar kowa ya fita da sungumi ban da shi. Mu muka shuka masa gonar, ni da Mai unguwa da wasu mutum biyu, da irin gida-gida da aka haɗa. Da ya fito gonar ta zama abin dariya, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani yana fure, amma an ci.

Na ƙara shekara huɗu a garin. Damina ta gyaru, kwanuka suka dawo sorona, Malam Iliyasu ya koma tsokanata, amma ban ƙara jin ya ambaci geron Baba ba, kuma bai sake tafiya cin rani ba, ko a shekarar da ta yi tsanani. Ni ne ma na riƙa duba masu hatsi a kasuwar Ɗanbatta ko zan ga zangarniya mai gashin nan. Ban gani ba.

Ku da za ku fita ƙauyuka yanzu da babura da jarkokin feshi, abin da zan ce muku kaɗan ne. In manomin da ya daɗe yana ƙin abinku ya zo da kansa yana roƙo, kada ku yi saurin kai rahoto ofis, ku zauna ku tambaye shi me ya faru a gida. Abin da kuka zuba a iri ko a buhun wake ba a gona yake tsayawa ba, ɗakin mace yake shiga, kuma ita ce ba a kira wa taro. Ku nemi hanyar da maganarku za ta isa cikin gida, ko ta bakin tsohuwa ce. Mutanen nan da za ku gani kamar ba su san komai ba, sun san abin da suke yi, wani lokaci ma abin da suke shirin yi ya fi ƙarfin tunaninku.

Malam Iliyasu ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, Inna Tabawa ma haka. Hanne na nan ta tsufa a gidan ɗan nan da ta goya ta kai wa Inna Tabawa. Bara na je gaishe ta, jikarta ta kawo mana zoɓo mai sanyi a jug. Hanne ta tura mini kofin gabana ta ce, "Sha, Malam. Ni tun shekarar nan ba na iya kai abu ja bakina."